Tumatirin Kamfani

Ina cikin kwashe shinkafa daga tukunya sai na ji Marka, matar maƙwabcina Namadi, tana ƙwala mini kira ta kan katanga.

"Hamsatu! Taho ki gani, an kawo maigidan bisa amalanke!"

Na yar da ludayi na ruga. Na tarar wasu lebura biyu na gonar kamfani sun shimfiɗe shi a tsakar gida. Zufa ta jiƙa rigarsa sharkaf, yawu na dalala ta gefen baki, naman cinyarsa na ta rawa shi kaɗai. Warin maganin ƙwari kuwa har maƙogwaro.

"Mi yas same shi?" na tambaye su.

Ɗaya ya ce, "Bakin famfon feshi yat toshe, yas sa baki ya hura. Kullum haka mukai, Inna. Yau dai abin yad dawo mashi ciki."

Shekara goma sha biyu ina sayar da shinkafa da miya a tashar Gummi, kuma duk tumatirin Namadi nake sawa. Lambunsa na bakin gulbi, da jigo yake ban ruwa. Tumatirin nasa ƙanana ne, wasu a murɗe, wani ka fasa ka tarar da tsutsa ta riga ka. Nakan ce masa, "Namadi, tumatir ka kawo mani ko kiwo?" Ya yi dariya ya ƙara mini gyara. Miyar dai ba wanda ya taɓa kushe ta.

Sai wani kamfani ya zo ya share fadama, ya kafa injin ban ruwa. Tumatirinsu kamar dunƙulen hannu, ja wur, ba tabo, ya yi mako bai ruɓe ba. Duk muka koma can, kuma ba zan yi ƙarya ba, ni ce ta farko. Safiyar da na ce masa yau ba na so, sai kawai ya ce, "Allah shi ba da kasuwa." Ya ɗora kwandonsa ya wuce. Da rani ya zagayo, ya bar jigo ya goya tankin feshi a gonar kamfanin, ba takalmi, da hannu yake dama maganin a bokiti.

Ranar da aka kawo shi ɗin, muka ɗura masa nono, muka ɗura manja, duk ya dawo da su. Malamin asibiti ya zo ya yi masa allura, ya ja ni gefe ya ce ainihin maganin sai Sakkwato, kuma yadda numfashinsa yake, ba zai kai rabin hanya ba.

Kashegari da hantsi ya ɗan dawo hayyacinsa. Ya daɗe yana kallona, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance kamar kan allura.

"Hamsatu, ke ta?"

"Ni ta, Namadi. Sannu."

"Ki riƙa wanke tumatirin kamfani sosai kahin ki niƙa. Ranar da za a tsinka ma, da sahe muna feshi."

Abin ya tsaya mini a rai. Mutumin da na mayar da kwandonsa, shi ke tunanin miyata. Na ce, "Ka yahe mani."

"Mi kinka yi? Kasuwa ta."

Bayan la'asar ƙirjinsa ya cika da kakari, ya cika. Na yi kuka, kuma ba na rashi kaɗai ba, har da na kunya.

Ranar sadakar uku, manajan gonar ya aiko da ta'aziyya da kwando biyu na tumatir. Marka ta tsaya tana kallonsu, hannunta a baki. Na ce a mayar musu da abinsu. Na aika kasuwa a nemo na lambu, aka dawo aka ce babu, masu lambun duk sun koma leburanci.

"Dangi sun taho tun daga Adabka," in ji Marka. "Mi za mu ba su?"

Na juye kwandunan a babban daro. Na wanke sau uku, na watsa ruwan a gindin katanga. Kajin Marka suka rugo za su sha, na cire gyale na kore su, na tsaya a wurin har ƙasa ta shanye ruwan. Sannan na ɗauki daron na kai gaban dutsen niƙa, na durƙusa.