Riga Mai Lamba Tara

Ni ma idan za a ɗauke mu hoto sai na tsuke ciki, don haka ba ni da bakin yi wa Saleh dariya. Amma zan yi.

Saleh mahauci ne a Garwa, kuma tun yana da ƙugu shi ke sa riga mai lamba tara a ƙwallon da mahauta ke bugawa ran Lahadi da safe. Ba ya gudu. Yakan tsaya gaban raga kamar mai jiran mota, idan ƙwallo ta ga dama ta buge shi ta shiga. Ba wanda ya taɓa yin magana, sai da abokinsa Taufiƙ ya fara ramewa.

Teburinsu na jere a kasuwa, tumbinsu ma dā kai ɗaya. Amma ga Taufiƙ yanzu yana sunkuyawa ya ɗaura takalmi ba nishi. A fili har aka fara cewa ran Lahadi mai zuwa a gwada shi a lamba tara. Kowace safiya Saleh kan hango shi a kan gadar Binuwai yana ta sauri a ƙafa, gumi sharkaf. Sai ya ƙara wa babur wuta ya wuce shi fuu, yana cewa a ransa, "Ji burga! Tsofai-tsofai da shi."

Wata rana ya ga sirrin a ƙarƙashin teburin Taufiƙ, wani baƙin gwangwani mai hoton ƙato da damatsa. Ya haddace sunan ya tafi farmasi.

"Karnitin ne, na rage ƙiba," in ji Véronique mai sayar da magani. "Amma Baba, sai an haɗa da motsa jiki fa."

"Kin san wuni nawa nake yi ina sara ƙashi?"

Ya riƙa sha a ɓoye, yana korawa da romo. Matarsa Habsatu ta kama shi gaban madubi yana juyawa gefe da gefe.

"Maigida, wane tumbin kake nema? Na jiyan yana nan, ba inda ya je."

Ran Lahadi ya ninka awon. Bai kai ga taɓa ƙwallo ba numfashi ya ƙare masa, ya zauna a ciyawa. Aka tuɓe masa rigar da kyar, aka miƙa wa Taufiƙ. Ta zauna masa cif, abin da ya fi komai ciwo ke nan.

Washegari a kasuwa Saleh ya kasa haƙuri.

"Mutumina, tsakaninka da Allah, naka daga ina aka kawo shi? Nawa jabu suka ba ni."

"Nawa me?"

Saleh ya nuna gwangwanin da tsinin wuƙa. Taufiƙ ya ɗauko ya buɗe, ƙamshin yaji ya sa su duka biyun atishawa.

"Wannan? Tsinto shi na yi, murfinsa na rufuwa da kyau."

"To ramar fa? Da gudun nan na kan gada?"

Taufiƙ ya mayar da murfin, ya kalle shi.

"Babur ɗina aka sace tun bayan Sallah. Kullum ina ɗaga maka hannu ka rage mini hanya, kana wucewa."