Yadda Yaƙubu Barkono Ya Huce

Duk Zongon Kwatano babu wanda bai san Yaƙubu Barkono ba, kuma zafin ransa ne ya jawo masa sunan. Da can direba ne a wani kamfanin gwamnati. Da albashi ya daina fita a ƙarshen mulkin juyin juya hali, sai ya sayi tsohon babur ya shiga zemijan, wato acaɓa, yana jigilar fasinja tsakanin Zongo da kasuwar Dantokpa. Abin da ya samu da safe yakan ƙare a rumfar mai sodabi, giyar nan ta bammi mai ƙona maƙogwaro. In ya sha kuwa, ko kallonsa ka yi sai an raba ku.

Kirista ne tun haihuwa, don mahaifinsa daga wajen Maraɗi ya zo da addininsa, amma rabon Yaƙubu da majami'a tun ranar aurensa. Matarsa Mariyamu, mai toya waina a bakin titi, ita ce ke zuwa sujada tare da 'yarsu Labiba, a wani tsohon shagon kafinta inda masu bi 'yan kaɗan masu jin Hausa suke taruwa.

A shekarar da aka yi babban taron ƙasa, maganar 'yanci ta cika gari. An saki fursunonin siyasa, jam'iyyu sun fito, kowa yana faɗin ra'ayinsa a fili. Yaƙubu yakan dawo gida yana tangaɗi yana cewa yanzu ba mai taka kowa.

"Ƙasa ta samu 'yanci, Baban Labiba," in ji Mariyamu. "Mu a gidan nan muna jiran namu."

Wata safiya Fasto Idrissou, limamin majami'ar tasu, wani gajeren mutum daga Kandi mai yawan fara'a, ya tare Yaƙubu ya ce ya kai shi Seme-Kpoji dubiya. Yaƙubu ya so ya ƙi, amma kunyar matarsa ta hana shi. Suka kama hanyar Najeriya, Fasto ya riƙe hularsa da hannu ɗaya yana rera waƙa a baya.

Marar lafiyar wata tsohuwa ce, Inna Kaltoumi, wadda likita ya ce a mayar da ita gida. Yaƙubu ya yi niyyar jira a waje, sai ruwa ya tsuge, dole ya shiga ɗakin. Ya yi zaton zai tarar da kuka. Sai ya tarar da tsohuwa a kwance, ta rame ƙwarai, tana yi wa jikokinta tsiya kan yadda suke dama kunu.

"Fasto, ka zo sallama?" ta ce. "To ka gaya wa yaran nan su daina ɓata fuska. Gida zan tafi. Yesu ya riga ni zuwa, ya gyara mini wuri. Can ba ciwon gwiwa."

Ta juyo ta dubi Yaƙubu, ta shaƙi iska, ta ji warin giya, ta yi murmushi.

"Ɗana, tun da sassafe? Matso kusa, ba faɗa zan yi maka ba. Mijina ma haka yake da, har Ubangiji ya kwance shi. Kana so ka bari?"

Ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya. Zagi ya saba ji, da nasiha. Ya sunkuyar da kai ya ce ya sha gwadawa, ya kasa.

"Ai dama ba ka iyawa," in ji Fasto. "Wanda aka ɗaure hannu da ƙafa ba ya kwance kansa. Zunubi ɗauri ne, shi ya sa Almasihu ya mutu ya tashi, don ya tsinke shi. Ba ya cewa sai ka gyaru sannan ka zo. Ka zo yadda kake, shi zai ba ka sabuwar zuciya."

Tsohuwar ta ɗora busasshen hannunta a kansa ta yi masa addu'a gajeriya, sannan ta ce a ba shi kunun, ko da yake ba a dama shi da kyau ba.

Ranar Lahadi Mariyamu ta ga mijinta ya biyo ta a baya sanye da rigarsa ta aure, wadda ta matse shi a ciki. Ya zauna a bencin ƙarshe. Haka ya ci gaba da zuwa. Bai gyaru rana ɗaya ba. Akwai lokacin da ya koma rumfar sodabi ya dawo a buge, washegari kunya ta hana shi fita, sai Fasto ya zo da kansa ya zauna a ƙofar ɗaki ya ci waina, ya ce masa wanda ya faɗi tashi yake yi, Ubangiji bai gaji da shi ba. A hankali ƙafarsa ta ɗauke daga rumfar. Labiba ta daina ɓuya in ta ji ƙarar babur ɗinsa.

Mutanen Zongo dai ba su gaskata ba. Wada makanike ya ce giya ce kawai ya bari, barkonon yana nan.

Ana saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah, Zongo ya cika da dabbobi. Alhaji Mounkaïla, wani dillalin shanu daga arewa wanda Yaƙubu ya taɓa fasa wa leɓe a kan maganar hanya, yana sauke wani bajimin sa daga mota, sai igiya ta kuɓuce. San ya ture Alhaji cikin kwata, ya watsa tiren mai goro, ya yi kan babur ɗin Yaƙubu da ke jingine kusa da tandar Mariyamu. Ya ɗaga shi da ƙaho, ya maka da ƙasa, ya bi ta kai ya tattake.

Mata suka janye 'ya'yansu. Yaƙubu ya dubi babur ɗin, fitila a farfashe, ƙafar gaba a lanƙwashe, ya ji tsohuwar wutar ta taso masa daga ciki har kunnuwansa suna zafi. Hannunsa ya dunƙule da kansa. Ya ga Alhaji yana ƙoƙarin fitowa daga kwata, ya san taku kaɗan ne tsakaninsu. A zuci ya ce, "Yesu, ka riƙe ni, ni ba zan iya ba."

Ya taka zuwa wurin Alhaji. Alhaji ya kare fuskarsa da hannu. Yaƙubu ya kama hannun ya jawo shi waje.

"Alhaji, ba ka ji ciwo ba dai?"

"Lafiya lau," in ji Alhaji, yana kallonsa kamar bai san shi ba.

"To tashi mu kamo shi kafin ya tafi Dantokpa cefane."

Dariya ta ɓarke a titin, har da Alhaji da ke ɗigar da ruwan kwata. Suka bi san tare da sauran dillalai, suka rutsa shi a wani lungu bayan masallaci, Yaƙubu ne ma ya jefa masa igiya a ƙaho. Da suka dawo, Alhaji ya ce gyaran babur a wuyansa yake. Wada ya tura babur ɗin garejinsa yana girgiza kai, yana cewa ko ma mene ne aka ba mutumin nan a majami'a, a ƙara masa. Ranar Sallah aka aiko gidan Yaƙubu da cinyar sa guda, Mariyamu ta yi ta suya har yamma, ta raba wa masu bi.

Bayan ruwa ya ɗan tsagaita, aka sa ranar yi wa Yaƙubu baftisma. Fasto ya ce a teku za a yi. 'Yan majami'a suka tafi da ganga da waƙa, wasu maƙwabta Musulmi suka tsaya daga nesa ƙarƙashin itatuwan kwakwa suna kallo. Fasto ya shiga ruwa har ƙugu, ya bayyana cewa tsohon mutum ne za a binne, sabo ya tashi zuwa rai madawwami. Bai rufe baki ba wata babbar igiyar ruwa ta zo ta kwashe su duka biyun, ta mirgina su, ta zubar a kan yashi.

Yaƙubu ya miƙe yana tari yana dariya, ya ɗago Fasto da hannu ɗaya.

"Fasto, wannan ta isa, ko sai mun koma?"

"Ba ta isa ba," in ji Fasto yana fitar da yashi daga kunne. "Ban ambaci sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ba tukuna."

Suka koma cikin ruwan, wannan karon maza biyu suna riƙe da Fasto ta baya. Da Yaƙubu ya fito, Mariyamu ta rangaɗa guɗa, ta yafa masa sabon zane a kafaɗa, suka kama hanyar Zongo a ƙafa ana kiɗa.