Sabon Maƙogwaron Totur

Tun da Baban Mimi ya fara taɓa injin motar nan, Maman Mimi ba ta ce uffan ba. Ya canza salansa, ta yi shiru. Ya sa wani bututun iska mai ƙyalli, nan ma ta yi shiru. Motar ke nan ɗaya a gidan, kuma da ita take kai 'yarsu Mimi makaranta kullum kafin ta wuce shagonta na ɗinki, amma ta ga abin yana faranta masa rai, sai ta kawar da kai.

Ranar Asabar ƙanensa makanike, wanda kowa ke kira Sifana, ya zo da wani ƙarfe a kwali yana riƙe da shi kamar jariri.

"Anti, zo ki ga maƙogwaro," in ji shi. "Ta nan injin yake shaƙar iska. Kina taka totur, wannan faifan na ciki ya buɗe. Tsohon ya yi ƙanƙanta, kamar a ce ki yi gudu kina numfashi da hanci ɗaya."

"In na ɗaga ƙafa fa?"

"Sai ya rufe mana! Haba Anti, tambayar 'yan aji ɗaya."

Sabon bai zauna daidai a mazaunin tsohon ba, sai da suka sa masa wani faranti a ƙasa, ya ɗago sama kamar yatsa biyu. Da suka gama, Sifana ya ja wayar totur da hannu, injin ya yi ruri, ya saki, ya koma tsit. Sau goma suka yi haka suna tafawa, bonet a wangale. Daga nan Baban Mimi ya fita babban titi, ya dawo bakinsa har kunne.

Safiyar Litinin, a gangaren da ke sauka ƙofar makaranta, Maman Mimi ta ɗaga ƙafa daga totur. Motar ba ta sassauta ba. Ja take yi kamar ana tura ta daga baya, ga yara suna tsallaka titi a jere, riƙe da hannun juna. Ta danna birki da dukkan ƙarfinta, ta taka kuloci, injin ya kwarma ihu, ta murɗe makulli. Tsakaninta da matar da ke tsallakar da yara bai kai taku ɗaya ba.

"Mama, ƙara yi!" in ji Mimi daga baya tana dariya.

Ta kwance wa yarinyar bel. Ta kai ta har cikin aji, ta dawo ta kira mijin.

Tare suka zo da Sifana. Suka buɗe bonet, suka tayar da mota, Sifana ya ja waya ya saki. Tsit. Ya sake. Tsit.

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Anti, ko dai takalmin nan naki mai tsini ne ya maƙale?"

"Dubi ƙafata, sarkin surutu. Silifa ce."

"Ba ki saba da ƙarfinta ba ne," in ji Baban Mimi a hankali, yana son rarrashi. "Kwana biyu ƙafarki za ta gane."

Wannan maganar ta fi ta Sifana ƙona mata rai. Ta tsaya tana kallonsu, kawunansu biyu a cikin injin, sai wani abu ya faɗo mata. Duk gwajin da suka yi tun Asabar, bonet a buɗe yake. Ranar da mijin ya tuƙa ta kuwa, takawa kawai yake yi, bai damu da saki ba. Ita a sana'arta ba a yabon riga a rataye, sai mai ita ta sa, ta zauna, ta ɗaga hannu.

Ta ciro allin ɗinki daga jaka.

"Ku matsa."

"Za ki yi wa injin awon ƙugu ne?" in ji Sifana.

Ba ta kula shi ba. Ta goga alli a kan ƙaramin gargaren da wayar totur ke naɗewa, ta rufe bonet, ta ce wa mijin ya shiga ya taka totur sau uku ba tare da ya tayar ba. Da aka buɗe, ga farin layi a lanƙwashe jikin baƙin soson da ke manne a cikin bonet, har gargaren ya fara cin soson. Sabon ƙarfen ya yi tsawo. In an rufe, soson yana danne gargaren, ya hana shi komawa.

Baban Mimi ya kalli layin, ya kalli ƙofar makaranta.

"Ƙaramin abu ne," in ji Sifana, muryarsa ta sauka. "A yanke soson nan wurin, shi ke nan."

"Wannan ni na gano shi," ta ce. "Wanda ban gano ba fa? A gangaren nan zan gano shi, da 'yata a baya da 'ya'yan mutane a gaba? Baban Mimi, ka yi duk abin da kake so da motarka. Amma Mimi ba za ta sake shiga ba sai tsohon ya koma."

"Wata uku ina jiran ƙarfen nan," in ji Baban Mimi, bai ɗago kai ba.

"Na sani."

Ta jira. Ya daɗe yana shafa layin da babban yatsa har ya goge. Sannan ya miƙa wa ƙanensa hannu.

"Ba ni wuƙa."

Maman Mimi ta gyara jakarta a kafaɗa ta koma cikin makaranta, don ta shaida wa malamar aji cewa daga yau za ta riƙa makara wajen ɗaukar Mimi, a ƙafa za ta zo.