Kwana Tara Jidda Ba Ta Ci Ba

Madarar gwangwani ɗaya, cokali mai kan zomo, ayaba huɗu, takardar asibiti, zanen goyo, da Jidda a kan cinyata. Da su muka baro Kalgo. Kafin mu kai Gwandu ta ƙi ayabar sau uku.

Raino nake yi a gidana. Yara shida, duk na ɗaliban jami'a. Shekara biyar na yi a Indiya ina karanta tarbiyyar ƙananan yara, kuma biyar daga cikin shidan suna tafiya yadda littafi ya ce. Jidda ce ta shida. Shekararta uku da rabi. A ruga ta tashi wurin kakarta, sai watan jiya uwarta Sumayya ta ɗauko ta. Kwana tara ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa da loma biyu-uku. Likita bai ga komai ba. Zaren da ke ɗaure a hannunta ya fara zamewa don rama.

Na yi duk abin da aka koya mini. In durƙusa daidai tsayinta, in dubi idonta, in yi murmushi, in tafa mata in ta buɗe baki. Sai ta rufe.

Sumayya ce ta yarda in kai ta Malisa wurin Goggo Hajjo, ƙanwar mahaifina, wadda rabin garin a bayanta suka girma.

Mun same ta a tsakar gida tana tsince wake, yara bakwai warwatse kewaye da ita. Ba ta kallon ko ɗaya. Wani ya yi tari a bayan rumbu, ta ce, “Faruk, tofar da shi.” Ya tofar da tsakuwa.

“Malamar Indiya,” ta ce da ni. “Mi ya same ta?”

Na fara bayani. Ta katse ni.

“Gwada min yadda kike ba ta.”

Na durƙusa, na ɗebo madara, na yi murmushi. Jidda ta sunkuyar da kai.

Goggo ta yi dariya har wake ya zube. “Ke, ko ni aka zuba wa ido haka ba ni ci! Ɗiyar Fulani ce fa. An hore ta kada ta tauna gaban baƙi. Kin ko tara mata yara biyar da haƙoranki talatin da biyu.”

Ta dama fura da nono a ƙaramar ƙwarya. Ba ta kira Jidda ba. Ta ajiye ƙwaryar a bayanta, ta juya wa yarinyar baya, ta buɗa zanenta kaɗan ya zama kamar labule. Ta ce da sauran, “Ku tai ku gano min akuya.” Suka watse. Ni kuma ta turo min faifai.

“Tsince. In kin ɗaga kai sai na make ki.”

Na tsince wake. Na daɗe ban ji komai ba sai tantabaru. Can na ji ludayi ya taɓa ƙwarya. Na ji haɗiya. Na ji wata. Hannuna ya tsaya.

“Ci gaba,” Goggo ta ce ƙasa-ƙasa. “Saura ludayi biyu. Za ta huta, sannan ta lashe.”

Ta huta. Ta lashe. Goggo ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya, kuma ba ta ce madalla ba. Ban taɓa ganin malami irinta ba.

Ranar Litinin, bayan mun koma Kalgo, na share ƙaramin ɗakin ajiya, na shimfiɗa tabarma, na ajiye tuwo da Jidda a ciki. Sumayya ta miƙa wuya za ta leƙa. Na ja ƙofar na rufe.

“A gidan nan ba wanda zai sake kallonta tana ci,” na ce. “Har ni.”