Ƙyallen da Ke Reto a Ƙofar Gida

Mijinta ya faɗo ne daga kan tsani yana ɗaura ƙyallen jam'iyya, mai hoton ɗan takarar shugaban ƙasa. Ya ƙulle gefe ɗaya a turken lantarkin ƙofar gidansu, bai kai ga ɗayan ba. Aka kai shi makwancinsa, ƙyallen na nan yana reto. Duk sanda ta ɗaga labule sai ta haɗa ido da mutumin hoton, a karkace, yana washe haƙora.

Yayan mamacin da autansu ke karɓar gaisuwa a falo. Yayan ɗan jam'iyyar gwamnati ne, autan yana adawa. Tana ɗaki tana jin su. Da an shafa addu'a baƙi sun fita, sai su ɗora daga inda suka tsaya.

"Ka ga motocin da mutanenmu suka zo gaisuwa da su?" in ji yayan. "Har bakin titi. Zaɓen nan an gama shi."

"Mota ke jefa ƙuri'a? Haba Yaya! Leƙa tasha ka ji yadda ake tsine muku. Birane namu ne."

"Ƙauye fa? Ko wakilin akwati ba ku da shi, sai baki kamar rediyo."

Suka tuntsire da dariya har da tafawa.

Ta fito ta durƙusa a bakin ƙofa. "Yaya, don Allah a sauke ƙyallen nan. Na kasa duban waje."

Ya gyara zama. "Yi haƙuri, matarmu. In aka sauke shi yau, gobe a ce mun rasa layin nan. Bayan zaɓe da hannuna zan cire shi."

Ta juya ga autan, wanda a tukunyarta ya girma.

"Ai Anti, a bar shi haka," ya ce. "Kowa ya wuce ya ga jam'iyyarsu a rataye da ƙafa ɗaya. Ya fi mana taro amfani."

Uwa ɗaya uba ɗaya suke da mamacin, kuma yau ne kawai ta ga bakinsu ya zo ɗaya.

Tsanin na bayan gida inda aka jefar da shi, matakinsa guda a karye. Ta jawo shi, ta ɗauki wuƙar girki, ta hau. A sama ta tarar da ƙullin. Irin wanda yake yi mata a igiyar shanya ne. Ta kasa sa masa wuƙa. Ta yanke ƙyallen daga ƙasansa, ta bar ƙullin a turke.

Ta shimfiɗa ƙyallen a ƙofar falo, wurin takalma, fuskar tana kallon sama.

Da la'asar suka fito, ana musun yankin da zai raba gardama. Yayan ya goge ƙafa a goshin ɗan takararsa, autan ya taka haƙoran. Ba wanda ya dubi ƙasa.

Ta koma ɗaki ta yaye labulen gaba ɗaya.