Lomar Farko ta Manaja Ce

Sundok ta tsoma ƙafa a cikin tankin, ta ji ruwan da ɗumi-ɗumi kamar wanda wani ya gama wanka a ciki. Ta yatsine fuska.

"Yaya, in kin shiga kada ki buɗe baki," in ji Malsun, abokiyar nutsonta, tana kokawa da rigar roba a ƙugunta. "Jiya wani yaro ya kwarara amai a ciki. Wai inji zai tace."

Tun tana budurwa Sundok take nutso a tekun tsibirin Jeju da numfashin ƙirjinta kawai, tana fito da dodon koɗi, da shi ta raini 'ya'yanta. Da likita ya hana ta zurfi saboda zuciya, sai ta tsinci kanta a wannan lambun shaƙatawa mai nisa da gaɓa. Mai wurin ya gina tankin gilashi a tsakiyar itatuwan lemo, don baƙin da manyan jiragen ruwa ke saukewa su ga furanni, su ga rawar ganga, su ga tsofaffin mata suna nutso, duk kafin abincin rana. Dodon koɗin da suke kamowa kuwa su ne dai kullum: a zuba, su kwaso, a mayar. Tun makon jiya suka mutu. Wanda ake yanka wa baƙo ya ɗanɗana na kasuwa ne mai rai, a ƙarƙashin tebur ake ɓoye shi.

Manajan wurin, mai suna Ko, ya iso yana share gumi.

"Samchun," ya ce, yadda ake kiran kowane babba a tsibirin, "an samu 'yar matsala. Motar kasuwa ba ta zo ba. Yau na tankin za ki yanka."

"Na tankin? Ka sansana shi kuwa?"

"A dulmiya shi a yajin tsami, wa zai gane? Loma ɗaya ce fa. Kafin ciki ya juya suna tsakiyar teku."

"Kai yaro, da mahaifiyarka muka yi nutso. Da tana raye da ta wanka maka mari."

"Samchun, kamfanin jirgin ya riga ya sayar musu da ɗanɗanon nan. In suka koma ba su samu ba, an daina kawo mana mutane ke nan. Ke kina da 'ya'ya a Seoul. Ita fa?" Ya nuna Malsun da haɓa. "Wa take da shi?"

Malsun ta sunkuyar da kai, ta shiga goge gilashin fuskarta da ba shi da datti.

Bas-bas suka tsaya a ƙofa. Baƙi suka kwararo, kowa da lamba manne a ƙirji, suna bin jagorarsu, wata mata mai suna Kang da ke ɗaga 'yar tuta. Wata ta tsaya tsakiyar furanni da takalmi ana ɗaukarta hoto. Wani ƙato ya tsinki lemo, ya gatsa, ya ji tsami, ya wurga sauran cikin kududdufin kifi. Ana gama rawar ganga aka koro su bakin tanki.

Sundok ta nutsa. A ƙasa akwai sulallan da baƙi ke jefawa, da tsinken shan lemo, da wata filasta da ta ɓalle daga ciwon wani. Fuskoki sun manne a gilashi, wani yana ƙwanƙwasa mata da zobe kamar mai tsokanar kifi. Ta ɗauki koɗi ɗaya, ta ji naman yana zamewa a ciki kamar majina. Da ta taso, ta yi fiton nan da masu nutso ke yi in numfashi ya ƙare, aka ɗauki tafi, alhali ko gajiya ba ta yi ba.

Kang ta fito da baƙon da aka zaɓa. Wani tsohon Bature ne, ramamme, babu gashi ko a girarsa, matarsa na riƙe da hannunsa.

"Samchun, ki zaɓa masa mai taushi," in ji Kang a hankali. "Bai daɗe da fitowa asibiti ba. 'Ya'yansa ne suka biya musu tafiyar."

Tsohon ya rusuna mata a karkace, yana murmushi.

Sundok ta sa wuƙa. Warin da ya taso ya sa ta kau da kai. Manaja Ko ya yi sauri ya malala jan yaji a kai har naman ya ɓace, ya miƙa mata tsinken ci, yana ta zuba wa baƙi Turanci. Ta dubi Malsun, ta dubi tsohon. Sai ta fizge makirfo daga hannun Ko.

"'Yata, gaya musu," ta ce wa Kang. "A al'adar mu masu nutso, baƙo ba ya cin kamun farko. Mai masauki ne yake cinye shi a madadinsa, don baƙon ya yi tsawon rai."

Malsun ta zaro ido. Ba ta taɓa jin wannan al'ada ba, don babu ita. Amma Kang ta riga ta fassara. Matar tsohon ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa. Wayoyi suka ɗaga gaba ɗaya.

Sundok ta tsinko yanka mafi girma, ta kai bakin Ko.

"Samchun..." ya ce ta tsakanin haƙora, murmushinsa bai gushe ba.

"Loma ɗaya ce fa. Buɗe."

Ya buɗe. Ya tauna sau ɗaya, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya haɗiye. Ta ba shi ta biyu, da ta uku, har farantin ya ƙare. Tsohon ya rungume shi yana bubbuga masa baya. Manaja Ko bai jira tafin ya lafa ba, ya zille bayan itatuwan lemo, kuma daga inda suke tsaye matan biyu suna jiyo kakarinsa.

"Yaya, kin kashe mu," in ji Malsun. "Yau za a kore mu."

"In za a kora, ni za a kora."

Manaja Ko ya dawo fuska kamar toka, yana goge baki da hannun riga. Ya nuna Sundok da yatsa, ya buɗe baki ke nan sai ga Kang da sauri.

"Manaja! Ban taɓa ganin baƙi sun ji daɗi haka ba, har da masu kuka. Na kira ofis, sun ce daga yau kowane jirgi sai an yi masa wannan. Kuma kai ɗin suke so."

Ta ruga ta bi tutarta. Manaja Ko ya daɗe a tsaye, yatsan yana sauka a hankali. Can ya ciro waya, ya kira direban motar kasuwa, ya hau shi da faɗa: masu rai yake so, yanzu-yanzu, har da na zubawa a tanki.

"Ruwan fa?" in ji Sundok.

"Ruwa kuma? Ai ba ni nake shiga ba."

Bas-bas ɗin jirgi na biyu sun riga sun tsaya a ƙofa. Sundok ta ja gilashin ta rufe fuska, ta matse leɓɓanta gam, ta sake tsoma ƙafa.