Ƴar Gishiri

Ranar da na dawo gida bayan na gama jami'a, ko jakata ban ajiye ba na nufi kicin. Umma na tsaye gaban tukunya ta ba ni baya. Ina shirin yin sallama sai na ga ta ɗebo miya da ludayi, ta hura sau biyu, ta ɗiga a tafin hannun matar Yaya.

"Ya ji, ƴata?"

Matar Yaya ta lasa, ta lumshe ido. "Ya ji, Umma. A sauke."

Sai a lokacin suka gan ni. Umma ta rungume ni, matar Yaya ta karɓi jakar tana cewa, "Oyoyo ƴan boko! An gama cinye littattafan ke nan?" Na yi murmushi na gaishe ta. Amma idona na kan tafin hannunta, inda ɗan maiƙon miyar yake ƙyalli.

Wannan aikin nawa ne tun ina shekara bakwai. A shekarar ne Umma ta yi wani zazzaɓi mai zafi, ta tashi harshenta ba ya jin gishiri sosai. Ta gwada Yaya, shi kuwa komai aka ba shi sai ya ce ya yi daɗi don a ƙara masa. Sai ta gwada ni. Ni ba mai magana ba ce, ko baƙi aka yi bayan labule nake maƙalewa. Amma in Umma ta ɗiga min miya na ce "saura kaɗan", ba mai musu. Ta sa yatsu uku cikin tsohon gwangwanin madarar da muke zuba gishiri, ta barbaɗa, ta juya, ta sake ɗiga min. Ba a sauke tukunya sai na ɗaga kai.

A tsakar gida muke cin abinci, kan tabarma. Mu yara da faranti ɗaya babba, Baba da kwanonsa mai murfi. Yakan shigo daga shagonsa na kafinta da garin katako a gashin hannu, ya wanke, ya buɗe kwano, ya kai loma. Sai ya ɗaga kai kamar alƙali.

"Wa ya ɗanɗana wannan?"

Umma ta ce, "Wa kuwa, in ba Ƴar Gishiri ba?"

Ya lalubo tsoka a kwanonsa ya miƙo min. Yaya ya yi ta zungurina da gwiwar hannu yana cewa in gutsira masa, ni kuwa in ci a hankali, da gangan.

Shekarun da na yi a makaranta, kusan duk wayar da muka yi da Umma sai ta yi ƙorafi. "Tun da kika tafi girkina ya zama caca. Jiya kamar na zuba buhu guda, yau kuma Babanku ya ce ruwan zafi na ba shi." Ina nuna mata tausayi, amma cikin raina daɗi nake ji. Bayan auren Yaya, aka ba su ɗakuna biyu na bayan gida, sai ƙorafin ya fara raguwa. A shekarata ta ƙarshe, da na yi wata goma ban zo gida ba, ya ɗauke ɗif. Na lura, ban dai tambaya ba.

Abincin da na ci ranar da na dawo ba na gidanmu ba ne. Shinkafa ce da miyar tumatir, irin wadda na tashi da ita, amma lami. An cika mata tafarnuwa da citta, har da ɗan tsamin lemo can ƙarshen harshe. Na saci kallon Baba. Ya ci rabin kwano shiru, ya rufe, ya ce, "Allah ya yi albarka." Bai tambayi wa ya ɗanɗana ba. Naman ma shi ya cinye abinsa.

Kwana goma na yi ina kallon matar Yaya. Ba ta da laifin da zan iya nunawa, abin da ya fi ci min rai ke nan. Mace ce mai fara'a da surutu, kafin aurenta a kantin magani take aiki. Ta san inda Umma ke ɓoye wuƙar da ta fi kaifi. Ta san tukunyar da murfinta ke cijewa sai an buga gefensa. In suna girki, Umma kan miƙa hannu baya ba ta ko waiwaya ba, ita kuma ta sa mata abin da take nema. Ni in na shiga sai in rasa inda zan tsaya. Kicin ɗin namu ƙarami ne, mutum biyu yake ɗauka.

Gishirin ma ba da yatsu take ɗiba ba. Wani murfin kwalbar maganin tari take da shi, na roba, mai layi-layi a jiki. Ta zuba, ta ɗaga shi saitin taga, ta ƙanƙance ido, ta karkaɗe kaɗan ya koma gwangwani. Ga kuma kalanda da ta rataye a bayan ƙofa, duk Asabar da ɗigon fensir. Na ce a raina, an mayar mana da kicin kantin magani. Wa ya taɓa auna miya kamar allura?

Rannan na daure na ce, "Umma, miyar nan kamar da saura."

Suka kalli juna. Kallon bai fi ƙiftawar ido ba, amma na gani.

Matar Yaya ta yi dariya. "Ƙanwarmu, bakinki ne ya saba da abincin makaranta. Su can gishiri da barkono ne kawai jarinsu."

Umma ta ce, "Ɗauko min faranti, uwar iyayi."

Na ɗauko. Daga ranar, in Umma ta shigo ɗaki sai in tsiri karatu, in matar Yaya ta zauna kusa da ni sai in tuna ina da wanki.

Ranar wata Asabar da hantsi aka ɗora miya. Matar Yaya ta auna murfinta ta zuba, Umma ta ɗiga mata, ta ce ya ji. Sai ga maƙwabciyarmu ta leƙo tana neman Umma ta zo ta ga jikarta, ita kuma matar Yaya ta fita shanya kaya. Aka bar ni da tukunya, an ce in rage wuta in ta tafasa.

Na ɗauki ludayin. Ba wanda zai hura min, sai na hura da kaina, na ɗiga a tafina na lasa. Lami. Na buɗe gwangwanin na sa yatsu uku. Na juya na ɗanɗana, saura kaɗan. Na ƙara. A karo na uku sai ga shi ya zo, ɗanɗanon nan da na sani, har na ji kamar Yaya na zungurina da gwiwar hannu. Na rufe tukunyar, na wanke ludayin, na mayar da gwangwanin daidai inda na same shi.

Da azahar Baba ya shigo, ya wanke hannu ya buɗe kwano. Ya kai loma ɗaya ya tsaya. Ya kai ta biyu. Sai ya ɗaga kai, irin ɗagawar da na yi shekaru ban gani ba.

"Wa ya ɗanɗana wannan?"

Umma ta ce, "Ɗiyarka ce, kamar kullum," tana nuna matar Yaya. Ita kuma ta riga ta kai cokali baki. Na ga lokacin da fuskarta ta canza.

Na ce, "Ni ce, Baba." Muryata ta fita ƙasa-ƙasa.

"Na faɗa!" Ya bugi cinyarsa. "Ashe bakina lafiyarsa lau! Ni duk na ɗauka tsufa ne ya kashe min harshe, ina ta haƙuri ina cusa abinci kamar magani. Ashe mai abin ce ba ta nan." Ya juya wurin matar Yaya. "Ƴar albarka, kada ki ji haushi, kin iya girki. Amma gishiri baiwa ce. Daga yau kada a sauke tukunya a gidan nan sai Ƴar Gishiri ta ɗaga kai."

Ya lalubo tsoka ya miƙo min, ni da na kusa shekara ashirin da huɗu. Yaya ya ce, "To, an koma gidan jiya, mu marasa gata sai kallo." Baba ya cinye kwanon tas, ya ce a ƙaro. Umma ta ce babu saura, alhali na san tukunyar ko rabi ba a ci ba.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ci naman nan a hankali, ina kallon matar Yaya tana juya cokali a faranti ba ta ci.

Da na kai kwanuka kicin na tarar ta sauke kalandar tana kallo. Ta ajiye ta kan buhun shinkafa ta fita. Umma ta shigo ta turo ƙofa.

"Nawa kika zuba?"

"Sau uku."

Ta zauna kan kujera ƴar tsugune, ta dafe kai. "Babanku hawan jini gare shi. Wata tara ke nan. Jiri ya ɗebe shi a shago ya faɗi cikin katako, Allah ya sa yarinyar nan tana gida, ita ta auna shi ta ce a tafi asibiti maza. Likita ya ce ko ya bar gishiri ko gishiri ya kwantar da shi."

Na ce, "Ba wanda ya faɗa min."

"Shi ya hana, ya ce kina jarrabawa. Da muka cire masa gishiri gaba ɗaya, ture kwanon ya yi. Kwana tara yana zuwa wurin mai abincin bakin titi, yana dawowa da ciwon kai. Kin san halinsa, cewa ya yi shi ba zai ci abincin majinyata ba yana da ransa. Ita ce ta kawo dabarar murfin nan. Muka koma zuba masa cike, duk Asabar a rage ɗan ƙanƙani yadda harshe ba zai gane ba. Sati talatin da shida. Satin da ya wuce muka kai layin ƙasa, jininsa ma ya sauka."

Na kalli kalandar, ɗigon fensir ɗin nan jere har shafi tara.

"Amma ai na dawo, Umma. Kwana goma ina gidan nan."

"Kin dawo da fuska a ɗaure, in na shigo ki fita. Kuma ke kin taɓa iya yi wa Babanku ƙarya? Ya kalle ki sau ɗaya kin zazzage masa komai."

Ya kamata a ce kunya ce kawai ta kama ni. Ta kama ni ɗin, har na kasa haɗa ido da Umma. Amma ƙarƙashinta akwai wani abu da ya fi ta zafi. Ubana ya faɗi, matar Yaya ce ta ɗaga shi. Wata tara suna da sirri da uwata a kicin ɗin da na girma a ciki, ni ina can ina jiran a yi min ƙorafin gishiri a waya.

Da la'asar na same ta tana kwashe shanya. Na tsaya ina murza bakin mayafina. Na ce, "Anti, ki yi haƙuri. Ban sani ba."

Ta ninke rigar Yaya, ta ɗora a kafaɗa. Idonta ya yi ja. "Ƙanwarmu, kin san wahalar da na sha kafin in gano lemon tsami yana rufe masa baki? Har ganyaye na riƙa sayowa ina gwadawa a kaina." Ta ja numfashi. Sai ta sa hannu a aljihun zaninta ta ciro murfin ta danƙa min. "Yanzu ya gane, sai an koma daga sama. Ke ya yarda da ke, ke za ki riƙa cewa ya ji. Gobe cike za ki zuba, ki shafe kan da yatsa. Ranar Asabar zan nuna miki inda za ki tsaya. Kuma don Allah in ya tambaye ki, ki kalli kwano, kada ki kalle shi."

Washegari Baba bai tafi shago da wuri ba. Ya jawo kujerarsa bakin ƙofar kicin ya zauna, wai yana so ya ga aiki ya koma hannun mai shi. Na juya masa baya na auna murfin a ɓoye, na zuba, sannan na sa yatsu uku a gwangwani na yi kamar ina barbaɗawa. Matar Yaya na bayana tana yanka albasa, ta ɗebi miyar kaɗan a cokali ta lasa, kamar mai duba ko mai ya taso.

Umma ta ɗebo miya, ta hura sau biyu, ta ɗiga a tafina. Da ɗuminta, kamar da.

"Ya ji?"

Na lasa. Na ɗago zan ba ta amsa, sai na ga ba ni take kallo ba. Idonta ya tsallake kafaɗata, yana kan matar Yaya. Na ji ƙarar wuƙa ta tsaya, sannan ta ci gaba. Sai a lokacin Umma ta dawo da idonta kaina.

Baba ya ce, "Ƴar Gishiri, muna jiran hukunci."

Na kalli tukunya na ce, "Ya ji. A sauke."